Yadda Ɗaga Sanda Ke Sauya Tashin Ƙwallo da Saitinka a Golf na Waya

A majalisarmu ta Agege, bayan sallar isha'i in mai shayi ya kunna janareta, mu biyar ne ke buga golf a waya, wasan da 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu. Wasu na Golf Clash, ni da mutum ɗaya muna haɗawa da WGT Golf. Wani ƙanena da ke sayar da albasa a Mile 12 ya yi wata biyu yana tara katunan da ake ƙara wa sanda ƙarfi da su a Golf Clash har ya ɗaga darajar sandar buɗe wasansa matakai biyu a dare ɗaya. Washegari ya buga wasa bakwai, aka cinye shi a biyar. Ya miƙo min wayar ransa a ɓace ya ce, "Yaya, duba min. Sandar ta fi ƙarfi, amma ƙwallon ta daina jin maganata."

Sandar lafiyarta lau. Abin da ya faru shi ne lissafin da ke kansa na tsohuwar sanda ne, ita kuwa ta hannunsa sabuwa ce. Duk lokacin da ka ɗaga sanda ko ka sauya ƙwallo, nisa na sauyawa, daɗewar ƙwallo a sama na sauyawa, yadda iska ke tura ta da yadda take dira duk suna sauyawa. Wannan jagorar hanyar da nake bi ce domin kuɗi da katunan da na zuba su biya kuɗin sabulu.

Mataki na farko: ka gane abin da ke ɗaga ƙwallo

Wasannin nan kwaikwayon golf na gaske suke yi, kowanne daidai gwargwado, saboda haka daga can za mu fara. Ni a wajen kawuna na koya, a Obalende. Ya yi shekaru yana ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna a filin golf na Ikoyi Club 1938, kuma har yau akwai tsofaffin sanduna biyu a bayan ƙofarsa. Ya jingina su a ƙasa ya ce in kalli fuskarsu. Ɗaya fuskarta a tsaye kamar bango, ɗayar a kwance kamar bakin shebur. "Ɗana," in ji shi, "wannan turawa take yi, wannan kuwa ɗebowa take yi."

Kwanciyar fuskar nan da digiri ake auna ta. Sandar buɗe wasa, wadda 'yan wasa ke ce wa direba, tana tsakanin digiri 9 zuwa 12. Sandar ƙarfe mai lamba 7 tana wajen 30 zuwa 34. Sandunan weji na kusa da rami suna farawa daga wajen 45, ta yashi tana wajen 56, akwai masu kai 60 da ɗoriya. Iya kwanciyar fuska, iya yadda ƙwallo ke tashi a miƙe, iya kuma yawan juyin baya da take ɗauka. Juyin bayan nan, tare da ƙananan lotsattsun da ke jikin ƙwallon, shi ke riƙe ta a iska. Direban ƙwararre na juya ƙwallo abin da bai kai sau 3,000 a minti ba, weji kuwa yana kaiwa wajen 9,000.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta awon ƙwararru: kusan duk sandunansu tsayi ɗaya suke kai ƙwallo, wajen yadi 30 sama. Bambancin yana ga saukowa. Ƙwallon direba na dirowa a karkace, ƙasa da digiri 40, shi ya sa take gangarawa da nisa. Ta gajeriyar sanda na faɗowa a wajen digiri 50, ta yi tsalle ɗaya ko biyu ta tsaya. Saboda haka in ka ji ana cewa sanda kaza na ɗaga ƙwallo, abin da za ka tambaya shi ne yaya take sauke ta, kuma daƙiƙa nawa take barin ta a hannun iska. Tashi sama na saya maka tsayawa a kusa da tuta, amma da iska ake biya. Duk sauran jagorar nan a kan wannan cinikin take.

Mataki na biyu: ka karanta lambobin sanda yadda wasanka ke fassara su

Nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin wasannin biyu ba hanya ɗaya suke bi ba.

WGT, wanda ya fito a 2008 kuma kamfanin Topgolf ya saye shi a 2016, ya fi kusa da gaskiya. A kantin wasan kowace sanda na da bayanin nisa, daidaito, yafiyar kuskure, juyi, gudun mita (ma'aunin da kake tsayarwa a tsakiya lokacin bugu), da kuma yanayin tashinta: ƙasa-ƙasa, tsaka-tsaki ko sama. Sandunan da ake ba ka kyauta a farko ba su da juyi sosai. Ka buga ƙwallo ta dira daidai gindin tuta, kana kallo ta wuce ta faɗa ciyawar baya. Yayin da kake hawa daraja a wasan, ana mayar da wurin buɗe wasa baya, shimfiɗar rami kuma na ƙara santsi, sai matsalar ta ƙaru. A nan sayen sandunan ƙarfe masu tashi sama da juyi mai yawa yana sauya komai. Akwai kuma ɗigon da ke jikin hoton ƙwallo: ka ja shi ƙasa, ƙwallo ta ƙara tashi ta ƙara juyin baya, ka tura shi sama, ta yi ƙasa-ƙasa ta ƙara gudu bayan dira. Iya yawan juyin da sandarka da ƙwallonka ke da shi, iya tasirin ɗigon nan.

Golf Clash na kamfanin Playdemic, wanda ya fito a 2017, ya sauƙaƙa abin. Sandunan da kake ɗagawa iri bakwai ne: direba, sandar itace, doguwar ƙarfe, gajeriyar ƙarfe, weji, ta doguwar ciyawa da ta yashi. Lambobinsu shida: ƙarfi, daidaito, juyin gaba, juyin baya, lanƙwasa da layin jagora, wato layin da ke nuna inda ƙwallo za ta bi bayan dira. Babu lambar tsayi a ciki. Juyin gaba da na baya aikinsu na bayyana ne bayan ƙwallo ta taɓa ƙasa, a tsalle da gangara. Abin da ke sauya tafiyarta a sama shi ne irin sandar, nisan bugun, lanƙwasa da iska. To in ka ƙara ƙarfin sanda, bugunka na ƙarshen nisa zai fi daɗewa a sama, iska kuma za ta fi samun damarsa. Wannan ne ya ci ƙanena. Sandarsa Extra Mile ce, sananniya da nisa da kuma ƙarancin daidaito.

Mataki na uku: ka auna tsohuwar sanda kafin ka taɓa ta

Kusan babu mai yin wannan, kuma shi ne mafi arha. Ka samu ƙaramin littafi na takarda. Kada ka dogara da rubutu a cikin wayar, domin ba za ka iya fita daga wasa ka duba ba alhali agogo na ƙirga maka daƙiƙu.

A WGT ka shiga wasan atisaye, ka zaɓi iska mara ƙarfi da fili mai shimfiɗa. Ramin farko na St Andrews na da faɗi, ya dace da gwajin dogayen sanduna. Kowace sanda ka buga ta da cikakken ƙarfi sau uku: ɗigo a tsakiya, ɗigo a can ƙasa, ɗigo a can sama. Ka rubuta abu biyu, inda ta fara dira da inda ta tsaya. Bugun da mitarka ta kauce daga tsakiya kada ka ƙirga shi, ka sake. Lambar nisan da aka rubuta a jikin sanda matsakaici ce kawai. Taka lambar, da taka ƙwallon, ita ce abin dogaro.

A Golf Clash ka buga wasan zumunci da aboki, ko ka koma ƙaramin zagaye inda kuɗin shiga ba zai yi maka ciwo ba. Abin da za ka rubuta shi ne zobe nawa na wurin saiti kake ja wa kowane ƙarfin iska a ƙarshen nisan sanda, a tsakiyarsa, da kuma farkonsa. Ka kuma lura da iyakar da wasan ke sauya maka sanda in kana jan wurin saiti gaba ko baya. Ɗaga sanda a wannan wasan ba ya komawa baya. In ka danna, ta zauna.

Mataki na huɗu: ɗaya bayan ɗaya, kuma daga kusa da rami

Ra'ayina a nan ba ya yi wa matasan majalisa daɗi, amma ina kan bakana: direba ce ta ƙarshe da ya kamata ka damu da ƙarfinta. Kowa na son ya ga ƙwallonsa ta wuce ta abokin karawa, amma ba a cin rami daga wurin buɗe wasa. Ana cinsa ne a bugu na biyu, kuma a Golf Clash in kuka yi kunnen doki, bugu ɗaya ne zuwa tuta ke raba gardama, wanda ya fi kusa ya kwashe. Wannan bugun da sandar itace ko doguwar ƙarfe aka fi yinsa. Shi ya sa a sandunan itace Sniper, mai daidaito da dogon layin jagora, ta fi Big Dawg mai ƙarfi amfani ga mafi yawanmu. Haka Backbone a dogayen ƙarfe. A gajeru kuwa, Hornet ta daidaito ce, Thorn ta juyin baya ce, zaɓi ya danganta da ko kana son gangarar da ƙwallo zuwa rami ko dasa ta ta dawo baya. Sanduna na gama-gari na kai mataki na 10, na tsakiya 9, masu wuyar samu 8. Sanda mai wuyar samu a mataki na 1 ko na 2 sau da yawa ba ta kai ta gama-gari da ta cika ba, kada kyan sunanta ya ruɗe ka.

A WGT tsarin da nake ba da shawara shi ne sandunan ƙarfe tukuna, sai weji, sannan direba. Ana sayar da weji ɗaya-ɗaya da digirinsu, kamar 52, 56, 60 da 64, kuma a nan ake yin kuskuren da ke da wuyar gyara. Sabbin sandunan ƙarfe sun fi nisa, saboda haka mafi gajartarsu na iya komawa yadi 120 alhali wejinka mafi tsawo na tsaye a 90. Ka buɗe giɓin yadi 30 ke nan a daidai wurin da ake neman maki. Kafin ka biya, ka jera nisan dukkan sandunan a takarda daga babba zuwa ƙarami ka ga ina ramin yake. Doka sanda 14 ta yarda da su a jaka, a fili da kuma a wasan, saboda haka duk wejin da ka ƙara sai wata ta fita.

Dalilin cewa ɗaya bayan ɗaya shi ne in ka sauya sanda uku da ƙwallo a rana ɗaya bugunka ya lalace, ba za ka san mai laifi ba. Ni ina ba kowace sabuwar sanda kamar wasa goma kafin in taɓa wata.

Mataki na biyar: ka sake lissafin iska da tudu

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

A Golf Clash wurin saiti na da zobba biyar, kuma girmansu ya danganta da daidaiton sanda. Sanda mai daidaito sosai zobbanta ƙanana ne. Ƙiyasin da 'yan wasa suka daɗe suna farawa da shi ga dogayen sanduna a ƙarshen nisansu shi ne: daidaito 100, zobe ɗaya na ɗaukar iskar kusan mil 1 a awa, daidaito 50, kusan mil 2, daidaito sifili, kusan mil 3. Mu ɗauka iska mil 8 ce, sandarka na da daidaito 50. Zobe huɗu za ka ja. Sai ka ɗaga ta daidaiton ya koma 60. Yanzu zobe ɗaya mil 1.8 yake ɗauka, saboda haka iskar nan na buƙatar kusan zobe huɗu da rabi. In ƙarfi ma ya ƙaru, sai ka ƙara kaɗan a kai. Wanda ya ci gaba da jan huɗu saboda hannunsa ya saba, zai riƙa faɗawa gefe da rabin zobe a kowane bugu, yana cewa wasan ne ke cutarsa. Rabin zobe a kunkuntar hanya shi ne bambancin ciyawa mai laushi da ramin yashi. Wannan ƙiyasi mafari ne kawai, ka gyara shi da abin da littafinka ya nuna, kuma ka tuna bugun farkon nisan sanda bai kai na ƙarshe buƙatar ja ba.

Layin jagora ma na da tarko. Ɗaga sanda na tsawaita shi, ka riƙa ganin tsalle na biyu da na uku, abin sha'awa. Amma layin bai san da iska ba. In iska na bayanka, ƙwallo za ta dira a kwance ta yi tsalle fiye da yadda layin ya nuna. In tana gabanka, za ta faɗo a tsaye ta gaza. Ka bar wa wannan wuri a saitinka.

A WGT sabbin sanduna masu tashi sama za su sa iskar gaba ta fi cinka fiye da da. Ƙa'ida ce ta golf ko'ina cewa abin da iskar gaba ke ragewa ya fi abin da iskar baya mai ƙarfi ɗaya ke ƙarawa. Kawu ya ce a Ikoyi in iskar teku ta taso da yamma, tsofaffin 'yan wasa kan ɗauki sanda mafi tsawo su buga a hankali, matasa kuwa su ƙara ƙarfi ƙwallon ta hau sama ta tsaya cak ta faɗo. Haka abin yake a waya. Cikakken juyin baya a cikin iskar gaba yana sa ƙwallo ta kumbura sama ta gaza da yadi da yawa. Maganinsa shi ne ka koma sanda ta gaba ka rage ƙarfi, ko ka mayar da ɗigo tsakiya, ko ka zaɓi bugun fanc, wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa. Bugun fulof kuwa, mai cilla ƙwallo sama daga kusa, ka ajiye shi sai akwai yashi ko tudu tsakaninka da tuta. Ka auna nisan waɗannan ma bayan kowane sauyi, domin suna bin nisan sandar.

Sai tudu da kwari. Wasan na nuna maka bambancin tsayi da ƙafa. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙafa uku yadi ɗaya: tuta na sama da kai da ƙafa 15, ka ƙara yadi 5. Amma wannan daidai ne kawai ga ƙwallon da ke saukowa a wajen digiri 45. Wadda ke zuwa a kwance, a ce digiri 30, tudun zai tare ta da wuri, ƙarin da take buƙata ya kusa yadi 9. Wadda ke faɗowa a digiri 50 kuwa yadi 4 da ɗan kaɗan ya ishe ta. Ma'ana, in ka koma sanduna masu tashi sama, gyaran tudu na raguwa yayin da gyaran iska ke ƙaruwa. Ni sai da na yi sati biyu ina wuce tutocin da ke kan tudu kafin in gane tsohon ƙarin nake yi wa sabuwar sanda.

Mataki na shida: ƙwallo

A Golf Clash ƙwallo na musamman na rage tasirin iska, ta ƙara nisa, ta ba ka juyin gefe. Titan, Katana da Kingmaker na cikin waɗanda aka fi sani. Lambar iskar da kake gani bayan ka zaɓi ƙwallo an riga an rage ta, da ita za ka yi lissafi. Ƙwallo mai ƙarin ƙarfi kuma na matsar da iyakokin sandunanka, bugun da jiya yake ƙarshen gajeriyar ƙarfe yau ya koma tsakiyarta. A WGT ƙwallo mai kyau na ƙara juyi ta kuma rage gudun mita, amma tana ƙarewa da bugu, kuma in ta faɗa ruwa ta tafi. Ka zaɓi iri ɗaya da aljihunka zai iya ɗauka ka zauna a kanta.

Maganar aljihu, farashin kayan cikin wasa da dala yake tafiya, mu kuwa naira muke samu. Ba na ganin hikimar taɓa kuɗin cefane don sanda ta hoto. Katunan kyauta na zuwa in ka yi haƙuri da buɗe akwatuna. Kuma a majalisarmu mun hana sa kuɗi a tsakani, wasa muke yi ba caca ba.

Abu na ƙarshe: wayar kanta

Duk lissafin nan na rushewa in allurar sakin bugu ta Golf Clash ko mitar WGT na tsalle. Jan bugu fiye da iyaka a Golf Clash na ƙara gudun allura, kuma a sanda mara daidaito ƙaramin kuskuren sakin yatsa na zama babban kaucewa. In wayarka ta yi zafi ko batir ya yi ƙasa, hoton kan riƙa sarƙewa. Ka rufe sauran manhajoji, ka cire yanayin tanadin batir, ka goge zufa da maiƙon allo. Kada ka gwada sabuwar sanda a cikin motar haya a cunkoson Oshodi ko kan gadar Third Mainland, inda layi ke hawa yana sauka, domin awon da ka samu a can ba abin rubutawa ba ne.

Ƙanena mun zauna da shi dare biyu a bencin mai shayi, ni ina riƙe da littafi shi yana bugawa. Muka gano rabin zobe yake ragewa a duk iskar da ta haura mil 6. Ya rubuta sabbin lambobin a bayan katin da ya liƙa a murfin wayarsa, ya kuma ajiye Quarterback, direba mai daidaito, a jaka ta biyu saboda ramuka masu kunkuntar hanya. Katunan da yake tarawa yanzu na sandar itace ne.